Ganga da Dutsen Taimamar Innarki

Zuwa ga 'yata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina tambayar gajiyar hanya, ina tambayar baƙunta. Allah Ya sa kin sauka Maradun lafiya, Ya sa motar da ta ɗauke ku ba ta tsaya ko'ina ba sai inda direba ya yi niyya. Allah Ya tsare ki a gida da wurin aiki da tsakaninsu, Ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani. Ki gaishe da Gwaggonki Hure, ki ce mata yayanta ya ba ta amana, kuma ya san hannun da ya ba.

Na naɗe takardar nan na cusa ta cikin ganga saboda na san halinki. Kafin ki buɗe akwatin tufafinki, kafin ma ki tambayi hanyar asibitin da aka tura ki, murfin gangar nan za ki fara kwancewa. To ga ni a ciki. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe kafin ki zuba ko tsakuwa ɗaya.

Abu biyu kika roƙe ni ranar da takardar aikinki ta fito. Na ɗaya, gangata ta goge duwatsu, domin ki samu abin da zai ɗebe miki kewa bayan aiki. Na ba ki ita da zuciya ɗaya. Na biyu, dutsen taimamar marigayiya Innarki. Kin ɗauke shi kina juya shi a hannu, kika ce mini, "Baba, aikin ga naka bai ƙare ba, dubi gehen ga duk ya dushe. In na kai Maradun shi za ni hwara sakawa." Ni kuma na tashi na ce zan je masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Dutsen yana ƙasan akwatinki, naɗe cikin tsohon ɗankwalinta. Kada ki saka shi a ganga sai kin gama karanta wannan takarda. Dalilin yana ƙarshe, domin shi ne ya fi yi mini nauyin faɗi, kuma ni mutum ne mai fara aiki daga wurin sauƙi.

Ke kin tashi kin ga gangar tana juyawa a bayan ɗaki, kin ɗauka haka kowane gida yake. Ba ki san yadda abin ya faro ba. Wani manomi daga Garbadu ne ya kawo mini injin ban ruwansa, ya ce tun farkon rani yake jin wata ƙara a cikinsa. Da na kwance, sai na tarar da wata 'yar tsakuwa ta maƙale a inda ruwa ke juyawa. Watanni tana ta birgima a can, ta fito sumul, tana ƙyalli, har na kasa jefar da ita. Na nuna wa Malam Lawali, malamin ƙere-ƙere da muke salla sahu ɗaya, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini cewa a wasu ƙasashe akwai masu na'ura ta musamman da wannan kaɗai take yi, kuma ba don sayarwa suke yi ba, don jin daɗi ne kawai. Na dawo shago na yanko faffaɗan bututun roba, na toshe gefe ɗaya, na yi wa ɗayan murfi, na ɗauko injin wata tsohuwar fanka da bel da boris na injinan da suka mutu. Gangar da ke gabanki ke nan. Ba ta da kyan gani, amma shekara goma sha biyu ba ta taɓa kunyata ni ba. Duk ɓarnar da aka yi ni na yi ta, kuma ita zan jero miki domin kada ki maimaita.

Kuskurena na farko kwaɗayi ne. Na hau babur na je bakin gulbi wajen Bakura, duk abin da ya yi mini kyau a ido sai na jefa a buhu. Farar ƙanƙara, jar marmara, wani dutse mai walƙiya da ke ɓarewa kamar albasa, har da fasasshiyar kwalba. Na zuba su gaba ɗaya na kunna. Bayan mako guda na buɗe ina murmushi, na tarar rabinsu sun narke sun zama kunu, sauran kuma duk sun ƙwarzane. Masu tauri sun cinye masu laushi. Saboda haka ki riƙa tafiya da ƙusa a jakarki. Duk dutsen da kika ɗauka ki karce shi. In ƙusa ta yi masa zane, ki mayar da shi inda kika gan shi. In ta zame ba ta bar komai ba, naki ne. Ki jiƙa shi da ruwa ki duba, domin launin da ya nuna a jiƙe shi ne zai nuna in an gama. Wanda ke da tsagewa kada kyansa ya ruɗe ki, a cikin ganga zai fashe, kuma ɓarɓashinsa zai lalata miki sauran.

Ki haɗa manya da ƙanana, ƙananan ne ke shiga lunguna su yi aikin. Ki cika gangar kashi biyu cikin uku, ki zuba ruwa har ya kusa rufe na sama, ki sa garin goge dutse cokali uku. In ta fara juyawa ki tsaya ki saurara. In kin ji ƙwal-ƙwal kamar ana jifa, duwatsun sun yi kaɗan, suna fasa juna. In kin ji shiru, kin cika ta da yawa. Ƙarar da ake nema ita ce irin ta mai rege shinkafa a ƙwarya.

Kuskure na biyu gaggawa ce, kuma wannan na san kin gada, kada ki yi musu. Garin goge dutse iri huɗu ne, ga su nan na ƙulla miki a leda huɗu na rubuta lamba a jikin kowace. Na ɗaya tsaki-tsaki ne, shi ke cinye kaifi da kusurwa. Na biyu matsakaici. Na uku mai laushi. Na huɗu farar hoda ce, ita ke fito da ƙyalli. Kowanne yana son mako guda cur, na farkon ma wani lokaci sai an maimaita. A farkon lamari ni ba ni da waɗannan, tsofaffin duwatsun washi na inji nake dakawa in tankaɗe, kuma ba ni da haƙuri ko kaɗan. Kullum sai na tsayar da ganga na leƙa. Innarki ta gaji da ni, wata rana tana tsakar gida tana tsince wake ta ce, "Malam, ko tuwo aka buɗewa hakanan ba shi nuna. Ka bar abin ga shi yi aikinai." Ban ji ba. Na tsallake gari na biyu na tafi na uku, duwatsun suka fito kamar an shafa musu toka.

Da na koyi jira, sai ƙazanta ta kayar da ni. Na gama gari na uku, na ɗauraye sama-sama, na zuba hodar ƙyalli. Ashe ƙwayoyin tsakin farko suna nan ɓoye a bakin murfi. Mako biyar na aiki, ƙwaya biyu ko uku suka zane mini shi kaf. Na zauna a kan turmi na rasa wanda zan yi wa faɗa. To ke ma'aikaciyar lafiya ce, ba ni zan koya miki wanki ba. Ki wanke gangar da murfinta da kowane dutse ɗai-ɗai da tsohon burushin haƙori, kamar yadda kike wanke kayan aikinki. Wanda bai shirya ba kada ki ji tausayinsa ki wuce da shi, ki mayar da shi baya ya bi zubi na gaba.

Abu ɗaya da na yarda ki riƙa dubawa kullum shi ne murfi. Da zafin bazara iska na taruwa a ciki, murfin ya kumbura. Ni ban sani ba sai ranar da ya yi tsalle ya watsa kunun dutse a kan shanyar Innarki, har da sabon zanenta na zuwa suna. In kin ga ya ɗan tasa, ki tsayar ki sassauta shi iskar ta fita. In kuma wuta ta ɗauke ta daɗe, kada ki bar gangar a kwance, ki riƙa jijjiga ta da hannu safe da yamma, in ba haka ba garin zai kwanta ya daskare ya riƙe duwatsun.

Kuskure na uku ya kusa raba ni da maƙwabcina na shekara talatin, Alhaji Bawa mahauci. Kin san kwatarmu ɗaya da gidansa. Duk mako in na wanke ganga, a nan nake tuttular da kunun, ina ganin ai ruwa ne da ƙasa. Da damina ta faɗi, ruwan sama na farko ya rasa hanya, ya koma tsakar gidansa har ɗakin da yake ajiye fatu. Ya yi sallama da ni da safe, wandonsa naɗe har gwiwa, ya ce, "Malam Garba, mi kaka zubawa cikin kwatar ga? In gini kaka so ka hwaɗi, mu kawo maka bulo." Muka haƙa muka tarar abin ya daskare kamar siminti. Kwana biyu ina sara da diga, shi yana zaune a kan benci yana ba ni shawara. Kada ki taɓa zuba kunun nan a kwata ko a makewayi. Ki samu tsohon bokiti ki zuba, ki bari ya kwanta, ki tsiyaye ruwan, sauran in ya bushe ki haƙa rami nesa da rijiya ki binne. Gwaggonki ba ta da haƙurin Alhaji Bawa, kin sani na sani.

A kan wannan akwai wanda ya fi kwata muni. Wani direba da ya ji ina son duwatsu ya kawo mini rabin buhu daga ramukan masu haƙar zinari. Suna da nauyi, suna walƙiya, na yi ta murna. Na ajiye buhun a gindin bishiyar darbejiya, daidai inda 'ya'yan maƙwabta ke zama su yi wasa. Kwana biyu yana wurin. Innarki ce ta tambayi inda ya fito, da na faɗa mata sai ta ja buhun da kanta, da ciwon hannunta, ta fitar da shi waje. Ke kin fi ni sanin abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan jiharmu, a makaranta kika karanta. Ni kuma na san shi, amma ƙyalli ya rufe mini ido. A Maradun za a kawo miki irinsu, wasu ma kyauta. Ki yi godiya ki ƙi karɓa. Dutsen gulbi kaɗai za ki saka, wanda ruwa ya riga ya wanke. Kada ki daka dutse ko ki goge shi a bushe, kuma cokalin ganga da kwandonta kada su kusanci madafa.

Kuskure na huɗu kunya ce ta jawo shi. Ina ganin mutum mai furfura a gemu, bakaniken da gari ya sani, a ce yana tsintar tsakuwa a bakin gulbi, abin dariya ne. Sai na ɓoye. In na dawo da buhu sai in shiga ta ƙofar baya. In an tambaye ni ƙarar me ake ji a gidana sai in ce gwajin inji nake yi. Na manta a inda nake zaune. A ƙasarmu, in mutum yana shigo da duwatsu a ɓoye kuma ana jin inji na juyawa a gidansa ba tsayawa, ma'ana ɗaya ce mutane za su ba abin.

Alhaji Bawa ne ya sake zuwa, amma wannan karon babu wasa a fuskarsa. Ranar Talata ce, ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, ko wanka bai yi ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Garba, yau wasu baƙi biyu sun tambaye ni gidan bakaniken da ka niƙan zinari. Ban san su ba, kuma ban so kallonsu ba. Na ce ban san shi ba. Yanzu kai hwaɗa min gaskiya, mi ag ga gidanka?" Balkisu, sai a lokacin na gane haɗarin da na jawo wa gidana. Na tuna ke da kike makarantar kwana, da hanyar da kike bi in an yi hutu. Na tuna Innarki da ba ta iya gudu.

Bayan la'asar na kinkimo gangar da igiyar wutarta na dire a ƙofar gida, gaban kowa. Na kwance murfi na juye a faranti, na wanke, na ce duk mai so ya ɗiba. Mutane suka taru har da mai unguwa. Aka ɗaga, aka duba, wani ma ya ciza. Alhaji Bawa ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ashe wasan ɗiya na kaka ɓoyo shekara biyu. Allah shi shirye ka, Garba." Tsofaffin da ke dara a gindin durumi suka kwashe rabi, har yau da su suke yi. An yi mini dariya wata guda, an laƙaba mini Garba Mai Tsakuwa, kuma baƙin nan ba su sake tambaya ba. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na lokacin ba.

Saboda haka, ranar da za ki fara kunna gangar nan, ki kira matan gidan da na maƙwabta su gani da idonsu. Ki sa mijin Gwaggonki ya faɗa wa mai unguwa. Zubin farko da kika gama ki rabar da shi duka. Gara a ce 'yar Garba ta gaji shirmen ubanta da a ce tana da wani abu a ɗaki. Bakin gulbi kuma kada ki je ke kaɗai, kada ki yi nisa da gari, kada ki je sai mutanen wurin sun ce miki lafiya. In sun ce a bari, ki bari, babu dutsen da ya kai ki. Na sa miki ƙaramin buhu na waɗanda na tsinto da kaina na gwada da ƙusa, za su ishe ki wata shida.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Dutsen taimamar nan ba na Innarki ba ne tun asali, na mahaifiyarta ne, Kakarki Hajjo ta Damri, wadda ta rasu kafin a haife ki. Ita ta tsinto shi a gulbi tana amarya, kuma da tsufa ya zo mata da ciwon da ruwa ke tayarwa, a kansa ta yi taimama shekaru masu yawa. Da aka zo rabon kayanta, 'yan'uwa suka ɗauki kwanoni da zannuwa, Innarki ta ɗauki dutsen. A lokacin ya fi haka girma, baƙi-baƙi ne, mai kaushi, sai fuska ɗaya da ta yi santsi ta ɗan lotsa. Da sanyin ƙashi ya kama Innarki ita ma, da shi take taimama duk damina da lokacin sanyi. In bazara ta zo ciwon ya lafa, sai ta koma alwala, ta tura shi ƙarƙashin gado.

A shekarata ta biyu da ganga hannuna ya fara faɗawa, kaina kuma ya fara girma. Na ce a raina, matar nan na ɓata mata zane, na cika mata gida da ƙara, bari in yi mata abin da za ta san aikin nan ba banza ba ne. Wata ranar bazara tana gidan suna na jawo dutsen na karce shi da ƙusa, na ga mai tauri ne, na saka shi a ganga da ƙananan tsakuwa. Ban tambaye ta ba. So nake in ba ta mamaki.

Sai damina ta yi saurin faɗuwa. Yana mako na uku a ciki aka yi ruwa, ciwon ya tashi. Na ji ta tana jan kaya a ɗaki, sannan ta fito ta ce, "Malam, ko ka ga dutsena? Nan nib bar shi ƙarƙashin gado." Na ce ban lura ba. Kwana uku tana nema. Ta kwance ɗakin gaba ɗaya, ta duba rumbu, ta aika Damri ko ta manta shi a can. Tana wucewa ta gefen gangar tana juyawa, ni ina kallonta. A jikin katanga ta riƙa yin taimama. Rana ta uku na same ta zaune a bakin gado tana share ido da gefen zane, kuma duk da haka ban buɗe baki ba, ina ce wa kaina saura mako biyu ta yi murna. Wannan shirun shi ne mafi munin abin da na yi a zamanmu, kuma da sunan kyautatawa na yi shi.

Da ya fito ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ashe a ƙarƙashin baƙin nan ja ne da jijiyoyi farare, yana ɗaukar ido. Sai da na biya wurin liman na tambaye shi ko ya halatta a yi taimama da shi, ya ce dutse ne, tunda ba a ƙona shi ba, ba a shafa masa komai ba. Na naɗe shi a sabon ƙyalle na kai mata bayan azahar, ina ta washe baki. Ta karɓa ta buɗe. Ta daɗe tana juya shi, tana shafa kowane gefe da tafin hannunta, kamar mai neman abu a cikin duhu. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, Malam." Ta sake juya shi. Ta ce, "Ina wurin hannun Inna? Nan akwai wani ɗan kwarmi, nan taka aza hannunta. In na aza nawa sai in ji kamar mun gaisa."

Garin tsaki ya cinye shi tun makon farko. Abin da hannun tsohuwar nan ya yi a shekaru, ni na share shi ina jin na yi gwaninta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kai ƙarata ga kowa ba, ko ke ba ta faɗa miki ba. Abin da ta ƙara kawai shi ne, "Da ka tambaye ni." Da la'asar ta yi, ta ajiye shi a gabanta ta yi bisimilla ta buga hannuwanta a kai.

Na roƙi gafararta ta yafe, amma kwarmin bai dawo ba. Duk sauran kurakuran da na lissafa miki suna gyaruwa. Dutsen da ya ƙwarzane a mayar da shi gari na farko, kwata a haƙe ta, jita-jita a kashe ta da gaskiya. Ganga kuwa ragewa kaɗai ta iya, abin da ta cire ya tafi ke nan. Saboda haka kafin ki saka komai a cikinta ki tambayi kanki na wane ne, kuma me ke jikinsa da ba ki sani ba. In na wani ne ki tambaye shi, ko da kina da tabbacin zai ji daɗi. Wannan ki riƙe shi har a wurin aikinki. Za ki ga tsofaffi da wani ƙulli a bakin zane ko wani tsumma a ƙarƙashin matashi, hannunki zai yi ƙaiƙayin gyarawa. Ki tambaya tukuna.

Shekara bakwai ta ƙara yi tana taimama a kansa. Kin san yadda take shafa man kaɗanya a gaɓoɓinta saboda ciwo, kuma kin san kullum gefe ɗaya take juyowa sama. A hankali ƙyallin wannan gefen ya fara dushewa, wurin ya yi duhu. A daminarta ta ƙarshe, wata safiya ina zaune kusa da ita, ta miƙo mini shi tana murmushi ta ce, "Ka gani, Malam? Ya hwara karɓar hannuna. Kak ka sake kai min shi gangarka." Muka yi dariya tare. Ban san dariyar da ta rage mana kaɗan ce ba.

Gefen da kika ce bai ƙare ba ke nan, Balkisu. Ba aikina ba ne da ya rage, hannun Innarki ne. Mako ɗaya a gari na farko ya isa ya tafi da shi.

Dutsen naki ne yanzu, ba zan bi ki Maradun in tsare ki ba, kuma ba ni da bakin da zan yi wa wani faɗa a kan wannan. Roƙonki kawai nake yi. Zan kuma faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara uku ke nan tun rasuwarta, kowace safiya in na dawo masallaci sai na jawo shi na aza hannuna a wurin. Hannuna ya yi masa girma, yatsuna suna zarcewa. Ranar da kike juya shi kina magana na lura tafinki ya zauna a wurin daidai, ke ba ki ma sani ba. Shi ya sa na tashi na fita, kuma shi ya sa na yarda in rabu da shi. Ki kwance ɗankwalin ki gwada ki gani.

Allah Ya jiƙan Innarki da Kakarki Hajjo, Ya haskaka makwancinsu, Ya yafe mini abin da na yi musu da gangan da wanda na yi da wauta. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya sa duk wanda kika taɓa ya samu sauƙi. Ya tsare miki hanya in za ki zo da in za ki koma, Ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu. In kin gama zubin farko ki ajiye mini guda ɗaya kafin ki rabar, ko da bai yi ƙyalli ba. Alhaji Bawa yana gaishe ki, ya ce ki gaya wa Gwaggonki ta sa ido a kan kwatarta.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba Mai Tsakuwa
Talata Mafara